Tsaka-tsakin Wa?

Masu sayar da kayan kwamfuta sun kasa prosesar, wato ƙwaƙwalwar na'urar, gida uku: akwai ƙanana, akwai manya, akwai na tsaka-tsaki. Duk wanda ya zauna ajin ilimin ma'ana ya san kalma irin "tsaka-tsaki" ba ta tsayawa da ƙafarta. Dangin "nan" da "can" ce, sai ka san inda mai maganar yake tsaye kafin ka gane abin da yake nufi. In makiyayi ya ce maka rijiya tana nan kusa, to ka gyara ɗaurin takalminka, don kusansa daban, naka daban.

A watan Agusta na 2021 kamfanin AMD ya kawo Ryzen 5 5600G kasuwa, ya sa masa dala 259. Kada ɗan Maraɗi ya ji "dala 259" ya fara lalube aljihu. Ba dalarmu ta tamma biyar ba ce, da ita ce da kuɗin bai kai jika da rabi ba. Dalar Amurka ce. A canjin lokacin jika 140 ke nan da ɗoriya, alhali mafi ƙarancin albashin da doka ta yanke a Nijar, SMIG, jika 30 ne da ƴan kai a wannan shekarar. Wato ɗan abin nan da bai cika tafin hannu ba, wanda su can suke kira tsaka-tsaki, guminsa ya kusa wata biyar na lebura a nan. Kuma ba a sayi ekran ba tukuna, ba a sayi akwatin ba, ba a sayi ko igiyar wuta ba. An ƙara SMIG ya kai jika 42 a 2024, shi ma prosesar ɗin ya sauko ƙwarai tun daga lokacin, amma har gobe ba abin da ɗalibi zai saya da rufe ido ba ne.

Masu gwada irin waɗannan kaya a Turai da Amurka suna yin aikinsu da gaskiya, ban ce ba. Sai dai suna gwadawa a ɗaki mai sanyi, da wutar da ba ta ƙiftawa, kuma galibi sai su haɗa prosesar ɗin da katin hoto mafi tsada don su ga iyakar gudunsa. Lambobin da suke fitarwa na ɗakinsu ne. Mu namu awon sai an sa zafin watan Afrilu a ciki, da ƙurar hunturu, da ɗaukewar wuta, da irin aikin da muke yi. Abin da nake so in yi ke nan a ƴan shafukan nan, bayan fiye da shekara guda muna zaune da wannan na'ura.

Mu huɗu ne a ɗaki, can Harobanda, hayin kogi, ba nisa da jami'a. Ni ɗan Maraɗi ne, ina karatun kimiyyar harshe. Akwai ɗan Damagaram mai karatun jeografi, akwai ɗan Tawa mai karatun doka, sai ɗan Ƙonni mai ekonomi. Adashi muka yi, kowa jika goma a wata, har wata takwas. A cikin wata takwas ɗin nan an rage nama a tukunya, an rage hawan taksi, ni ko hutun ƙaramar salla ban je gida ba. Saboda haka maganar wane prosesar za a saya ba hirar fada ba ce a gurinmu. In aka saya bai yi ba, kuɗin mutum huɗu ne ya tafi, da memwar ɗin mutum huɗu, ƙila har da zumuncin.

Kowa da buƙatarsa. Ni ina naɗo muryoyin dattawa a Tibiri da Cadawa lokacin hutu, ina nazarin karin sauti a Gobiranci. Ɗan Damagaram yana zana taswira da QGIS. Sauran biyun rubutu ne da lissafi da karanta takardu. Amma kowa ya san, ko ba a faɗa ba, cewa bayan isha'i ƙwallo za a buga a kanta. Ɗan Tawa dai bai ɓoye ba, ya ce shi in na'urar ba ta ɗaukar PES a maido masa kuɗinsa.

Abin da karatuna ya fara yi mini amfani a kai shi ne karanta sunan. Sunan prosesar kalma ce mai ƙira, tana da saiwa da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, kuma kowane yanki da ma'anarsa. A "Ryzen 5 5600G", biyar ɗin farko aji ne, tsakanin 3 da 7. Biyar ɗin da ya buɗe 5600 zuriya ce, wato jerin 5000. Harafin ƙarshe kuwa shi ne mai yanke hukunci. G na nufin akwai injin hoto a cikin prosesar ɗin kansa. Ryzen 5 5600 marar harafi ba ya da shi, in ka haɗa shi babu katin hoto ekran ɗinka baƙi ƙirin zai tsaya. Haka Ryzen 5 5500. A gidan Intel abin ya juya: Core i5-12400 yana da ɗan injin hoto, 12400F ba ya da shi. A can harafi ne ke cirewa, a nan harafi ne ke ƙarawa. Wanda bai san wannan nahawu ba, harafi ɗaya zai ja masa sayen katin da bai shirya wa ba.

A kasuwa kuwa ɗafa-goshin kawai ake tallatawa. Wani mai shago, dattijo mai fara'a, ya fito mana da wata okaziyo irin ta ofis, ya buga ta da tafin hannu.

"Samari, mi za ku yi da biyar ga bakwai? Wagga i7 ce. Bakwai ta hi biyar ko a lakwal."

Na ce, "Alhaji, a buɗe muna mu ga lambar baya."

Da aka kunna, i7-4770 ce. Ta 2013. A zamaninta sarauniya ce, kuma har yanzu tana iya rubutu da kallon bidiyo lafiya lau. Amma zukata huɗu gare ta, tana cin wat 84, kuma Windows 11 bai yarda da ita ba a hukumance, don shi daga zuriya ta takwas ta Intel yake farawa, ko Ryzen 2000. Microsoft kuma ya daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba 2025. Alhajin bai yi mana ƙarya ba, i7 ce. Shekarun ne bai ambata ba, kamar mai dallancin aure.

Na ce "zukata" don haka faransanci ya kira su, kuma kalmar ta zauna mini. A cikin prosesar ɗaya akwai ƙananan ma'aikata da yawa, kowane na iya ɗaukar aikinsa. 5600G yana da zukata shida, kowace zuciya kuma da hannu biyu, shi ya sa Windows ke nuna maka goma sha biyu. Gudunsa yana farawa daga gigahaz 3.9, yana hawa har 4.4 in aiki ya nema kuma zafi ya bari. Ƙirar Zen 3 ce, wadda AMD ya fara fitarwa a ƙarshen 2020. An rubuta masa wat 65, kuma yana zuwa da fankarsa a cikin kwali. Injin hoton da ke cikinsa Radeon ne na zuriyar Vega, mai sassa bakwai. Yana zama a kan kart-mer mai gurbin AM4, gurbin da yake nan tun 2016, shi ya sa kayansa suka yi yawa a kasuwa, sabo da tsoho.

Gardamar da muka sha a ɗaki ita ce tsakaninsa da ɗan'uwansa 5600, wanda ya fito a Afrilun 2022 a kan dala 199. A takarda 5600 ya fi shi wajen wasa. Kowane prosesar yana da ɗan aljihu a jikinsa inda yake ajiye abin da zai buƙata nan da nan, don kada ya riƙa zirga-zirga zuwa ram. Aljihun 5600 mega 32 ne, na 5600G mega 16, don an ba injin hoto wurin. Wasanni suna son babban aljihu. Amma 5600 sai da katin hoto, katin kirki kuma kuɗinsa ya kai na prosesar ɗin ko ya fi. Adashinmu bai kai can ba. Ɗan Ƙonni, da yake lissafi ne aikinsa, shi ya rufe maganar. Ya ce doki mai gudu da babu sirdi, da jaki da mangalarsa, wanne zai kai ka kasuwa yau? Muka ɗauki G.

Bari in fara da aiki, tunda shi muka faɗa wa iyayenmu.

Duk ɗalibin harshe ya san Praat, manhajar da Paul Boersma da David Weenink suka ƙera a jami'ar Amsterdam. Da ita muke ganin abin da rubutunmu na boko yake ɓoyewa. Rubuta "gari": garin da ake zama ne ko garin tuwo? A takarda ɗaya suke, a Praat sai ka ga wasalin farko na garin tuwo ya miƙe ya fi na ɗayan tsawo. Rubuta "fari": launi ne ko rashin ruwan sama? Layin karin sauti ne zai raba maka, ɗaya ya tafi a sama, ɗaya ya faɗo a gaɓar ƙarshe. To, gaskiyar magana, Praat ba ya buƙatar zukata shida. Tsohuwar i7 ɗin Alhaji za ta ɗauke shi ba tare da ta yi nishi ba. Minti ɗaya na murya a WAV, layi ɗaya, bai fi mega biyar da ɗan kai ba. Wanda duk ya ce maka sai da sabon prosesar za ka auna wasali, kayansa yake son sayarwa.

Inda na ga bambanci shi ne lokacin da ayyuka suka taru. Ina buɗe ELAN, manhajar cibiyar Max Planck ta Nijmegen, da bidiyon tsohuwa tana ba da tatsuniya, ina yanka maganarta jimla-jimla. Gefe guda Praat na buɗe, ga ƙamus a PDF, ga burawza da shafuka goma, ga wani bidiyon ana rage masa nauyi a baya don ya shiga kile. A kwamfutocin sibar da na saba da su, in ka yi haka sai murya ta riga leɓe, ko leɓe ya riga murya, kuma mai nazarin furuci ba abin da ya fi wannan ɓata masa aiki. A nan kuwa ko gezau. Zuciya biyu na can na fama da bidiyo, sauran na saurarona. Shi ma ɗan Damagaram, taswirar da ke sa shi dafa shayi kafin ta buɗe, yanzu kafin ya wanke kofuna ta fito.

Aiki guda ne na ga ya tayar da zukatan shida duka tsaye. Akwai Whisper, wanda OpenAI ya saki a Satumban 2022, mai sauraron murya ya rubuta, kuma Hausa na cikin harsunan da aka jera masa. Na gwada shi a kan muryoyin Tibiri. Fanka ta ɗaga murya, na'ura ta yi ta aiki, babban samfurin kuma ya fi tsawon maganar kanta daɗewa. Abin da ya fito, wallahi, ko mai maganar ba za ta gane bakinta ba. In tsohuwa ta ce "munka tahi", sai ya rubuto wani abu da ba Hausa ba, ba Zabarmanci ba. Wannan ba laifin prosesar ba ne. Injin bai ji Gobiranci isasshe ba a lokacin da ake koya masa, kuma ko ka sa masa prosesar na miliyan guda, kuskuren zai yi maka da sauri kawai. Rubuta muryar kakanninmu dai har yanzu aikin kunnenmu ne da yatsunmu.

Abu ɗaya da ya kamata kowa ya sani game da aikin yau da kullum: saurin da kake ji in ka kunna na'ura ko ka buɗe takarda, yawancinsa daga SSD yake zuwa. Tsohon faifai mai juyawa zai sa sabon prosesar ya yi tafiyar hawainiya. In kuɗinka kaɗan ne, ka fara da SSD kafin ka yi mafarkin zukata.

Sai wasa. A nan akwai sirri guda wanda ya fi komi muhimmanci ga mai 5600G, kuma ba kowane mai shago ke faɗa ba. Katin hoto na gaske yana da rumbunsa a jikinsa. Injin hoton da ke cikin prosesar ba ya da shi, ram ɗin na'urar yake ara. Saboda haka faɗin hanyar da ke tsakaninsa da ram shi ne iyakar gudunsa. Baret ɗaya ta DDR4-3200 tana wuce giga 25.6 a sakan. In ka sa biyu a guraben da suka dace, hanya ta zama biyu, giga 51.2. Baret ɗaya mai giga 16 da baret biyu masu takwas-takwas, girmansu ɗaya, kuɗinsu kusan ɗaya, amma a wasa kamar gadar Kennedy ce da safe da kuma a ce an buɗe ta biyu kusa da ita. Mun nace a ba mu biyu. Yaron shagon ya ce ɗaya ta fi, don a bar gurbin ƙari nan gaba. Ga mai katin hoto maganarsa tana da ɗan kan gado, ga mu kuwa rabin wasan za ta cinye. Bayan haka sai a shiga BIOS a tabbatar ram ɗin na gudu a 3200 ɗin da aka rubuta mata, don sau da yawa a ƙasa da haka take tashi in ba a taɓa ta ba.

Da wannan shiri, PES 2021 yana gudu sumul, mutum biyu da manet biyu, babu tsinkewa. GTA V, wanda ya zo kwamfuta a 2015, yana tafiya lafiya in ba ka ɗaga ƙawar hoton sama ba. Tsofaffin FIFA ma haka. Wasannin da aka yi kafin 2018 ko wajen haka, galibinsu za ka buga su da daɗi. Daga nan abin ya fara nauyi. Manyan wasannin ƴan shekarun nan, irin su Cyberpunk 2077, sai ka sauke girman hoto zuwa 720, ka kashe inuwa, ka kashe duk wani ado, sannan ya riƙa ɗingishi. Za ka ga wasan, amma ba za ka ce ka more shi ba. Ɗan Tawa ya gwada sau biyu, ya koma ƙwallonsa. Wanda burinsa sabbin wasanni ne da cikakken adonsu, kada ya yaudari kansa da G.

Yanzu ga abin da babu shi a lambobin Turai. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa ta cikin ƙarfe. In ɗakin mai gwaji yana digiri 22, naka kuma yana 40, to prosesar ɗinka ya fara tseren da tazarar digiri goma sha takwas a wuyansa. A Yamai, Afrilu da Mayu, zafin rana na wuce 40 kusan kullum, ɗakin kwano kuma ya fi waje. Iyakar da AMD ya yanka wa 5600G digiri 95 ce. Ba ya ƙonewa in ya kusa can, rage gudu yake yi da kansa don ya tsira. Wato gigahaz 4.4 ɗin da ka biya, a watan Janairu naka ne, a watan Mayu da azahar sai yadda hali ya yi.

Nan ne wat 65 ya yi mana rana. Abin da prosesar ya ci na wuta, zafi yake komawa, duka. Mai cin kaɗan, kaɗan zai fitar. Ƴar fankar da ta zo a kwali ta riƙe shi a watannin sanyi ba tare da hayaniya ba. Da bazara ta shigo sai ta fara kuka kamar injin markaɗe in ana wasa. Akwai wuri a BIOS da ake sauke shi zuwa wat 45, AMD da kansa ya ba da wannan dama. Mukan sauke shi daga Maris zuwa saukar damina. A rubutu da Praat ba ka jin an rage komi, a aikin bidiyo ne za ka ɗan ƙara jira. Mun kuma ɗaga akwatin daga ƙasa muka ɗora bisa tebur, nesa da bango.

Ƙura ita ce abokiyar gaba ta biyu. Daga Disamba zuwa Fabrairu, hazon hunturu yana shiga ko ta ramin makulli. Yana kwanciya tsakanin haƙoran ƙarfen da ke ƙarƙashin fanka, ya zama kamar bargo, iska ta daina ratsawa. Duk wata muke buɗe akwatin mu hure shi. In za ka yi, ka cire wuta tukuna, ka riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima, kuma ka yi hattara da injin iskar masu faci, don wani lokaci yana feso ruwa tare da iskar. Mun kuma ɗinka masa riga da ragowar atamfa, ana rufe shi in an kashe. Ɗan Damagaram ya ce na'urar ta fi mu sutura.

Ta uku ita ce wuta, kuma ba sai na yi wa kowa dogon bayani ba. Wanda ya zauna Yamai ko Maraɗi ko Zinder daga Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, har zuwa farkon 2024, ya san yadda ake lissafin awoyi. Ko a lokacin da babu rikici, bazara ba ta wucewa ba ɗaukewa. Kwamfutar tebur ba ta da batir kamar portabul, ƙiftawa ɗaya ta isa ta tafi da shafi biyar na memwar. Dole sai da ondilar. Ƙaramin ondilar irin wanda ɗalibi ke iya saya, batir ɗaya ne a cikinsa mai volt 12 da amfiya-awa 7, wato wat-awa 84 a takarda, a aikace kuma bai kai haka ba. Na'urarmu da ekran ɗinta, in ana wasa, wajen wat ɗari da ƴan kai suke ci, in rubutu ne ƙasa da haka sosai. Ondilar ɗin yana ba mu lokacin ajiye aiki, mu rufe komi a natse, wani lokaci har a ƙarasa rabin wasa. Da mun sa kati irin RTX 3060, wanda shi kaɗai wat 170 ne, da cin wutar ya kusa ninka uku, lokacin ya ragu sosai, zafin ɗaki ya ƙaru, kuɗin kwantar ma ya ƙaru. Mai gidan haya kuma ba ya wasa da kwantar.

Kada in yi ta yabo kamar maroƙi. 5600G yana da raunin da zai bayyana ranar da kuɗi ya samu. Ban da ƙaramin aljihun da na ambata, hanyar da yake magana da katin hoto PCIe 3.0 ce, alhali 5600 yana da 4.0. Ga yawancin katuna bambancin kaɗan ne, amma akwai masu araha irin RX 6400 da RX 6500 XT waɗanda layi huɗu kawai gare su, su kam suna jin ƙuncin. Injin hotonsa na Vega tsohuwar ƙira ce. Gurbin AM4 ma ya tsufa: tun 2022 AMD ya koma AM5 mai aiki da DDR5, kuma a Janairun 2024 ya fito da Ryzen 5 8600G wanda injin hotonsa ya fi namu nesa ba kusa ba. Sai dai shi sabon kart-mer yake so da sabuwar ram, duka masu tsada. Abin da ke kwantar mini da hankali shi ne AM4 bai rufe ƙofa ba. Ranar da aka samu katin hoto, ana iya cire G a sa 5600 ko 5700X3D a kan kart-mer ɗin nan, da ram ɗin nan. Mai sayen tsohon kart-mer B450 kuma ya tabbatar an sabunta masa BIOS kafin ya bar shago, in ba haka ba na'urar ba za ta ko tashi ba.

Maganar katin nan har yanzu tana tasowa a ɗaki. Ɗan Tawa na son a sake adashi. Ni da ɗan Damagaram muna ganin in za a sake, to babban ondilar ko ƙaramin fano na hasken rana ya fi. Ɗan Ƙonni ya kawo tambayar da ta fi duka wuya: shekara mai zuwa biyu daga cikinmu za su gama, wa zai tafi da ita? Na'ura ba ta rabuwa huɗu kamar ragon layya. Mun rubuta a takarda, kowa ya sa hannu, cewa wanda ya rage a ƙarshe zai biya sauran rabonsu bisa kuɗin da take yi a kasuwa a ranar. Ɗan doka ne ya tsara, ya sa mata sashe-sashe har bakwai. Duk masu niyyar haɗa kuɗi irin namu, ku yi wannan takarda tun kafin a kunna na'urar, lokacin da kowa ke dariya.

To, wa ya kamata ya saya? In aikinka rubutu ne kawai da karanta PDF, kuma kana yawo tsakanin amfi da gida, portabul okaziyo mai SSD ta fi maka, ko ba komi tana da batir. In kana da kuɗin katin hoto a hannu yau, ɗauki 5600 ko i5-12400F, za su fi ba ka wasa. In kuwa kuna kamar mu ne, kuɗi ƙididdigagge, aiki mai ɗan nauyi da rana, ƙwallo da dare, ɗaki mai zafi da wuta mai zuwa da tafiya, 5600G ya yi daidai ruwa daidai tsaki. Akwai kuma ƙanensa 5600GT da ya fito a 2024 a kan dala 140, kusan abu ɗaya ne, in shi ka samu da sauƙi kada ka yi jayayya.

Ranar sayen, ku je ku biyu ko uku. A kunna na'urar a gabanku, ku karanta cikakken sunan prosesar a cikin Windows har harafin ƙarshe, kada ku tsaya ga takardar da aka manna a jikin akwati. Ku sa a buɗe murfin ku ƙirga baret ɗin ram da idonku. Ku tambayi alimantasiyon da aka sa, don nan ne masu haɗawa suka fi tsuke hannu, kuma ita ce in ta mutu take tafiya da maƙwabta. Ku bar ta tana wasa minti ashirin a shagon, ku saurari fanka. Sannan ku ware kuɗin ondilar tun kafin a fara ciniki, kada a ce sai wata mai zuwa.